Najaha da Likitan Shanu

Ranar kasuwar Matameye ce, kara ta cika ta batse, kukan awaki da hayaniyar dillalan shanu sun hana mutum jin na kusa da shi. A tsakiyar wannan turmutsutsu Najaha ta durƙusa gaban wani dattijon Bafulatani, gefen hijabinta yana sharar ƙasa, waya a hannunta tana naɗar murya.

"Baba, shanunka za su kai nawa?"

Dattijon ya dubi sama, ya dubi sandarsa, ya faɗi wata magana da Fulatanci.

Sai ta ji dariya a bayanta. Wani dogon saurayi ne cikin farar rigar aiki, ya matse akuya tsakanin gwiwoyinsa yana yi mata allura.

"Malama, Hausa yake ji kamar ni da ke. Tambayar ce ba ta yi masa ba."

Najaha ta miƙe tana kakkaɓe hijabi, kunya da haushi sun haɗe mata. "To kai da ka iya, zo ka yi tambayar mana."

"Ni ai ba ni da memuwar, littafin gama jami'a, da zan rubuta."

"Wa ya ce maka memuwar nake rubutawa?"

Ya saki akuyar, ya dubi ƙafarta. "Wanda ya shigo kara da takalmi mai tsini, ba saniya ya zo saye ba."

Ta so ta ɓata rai, dariya ta ƙwace mata. Dattijon ma ya yi murmushi, ya ce da Hausa tsaf, "Sa'adu, ka bar ƴar mutane ta huta."

Najaha ƴar Alhaji Inusa mai hatsi ce, tana shekarar ƙarshe a jami'a a Damagaram. Karatunta a kan tsare-tsaren hukuma ne game da al'ummomin da ba su da rinjaye, da haƙƙin da doka ta ba su. Ta dawo gida ne don ta tattara bayanin littafin bincikenta na kammala karatu, kuma makiyayan yankinsu ta zaɓa. Sa'adu kuwa malamin dabbobi ne a ofishin kiwo na garin. Dattijon nan baffansa ne, Ardo Sule, shugaban rugarsu da ke bayan Yauri, kusa da Matameye.

Kafin ta bar kara, Ardo ya ce in da gaske take, ta zo ruga ta gani da idonta. Sa'adu ya karɓi lambarta don ya yi mata kwatance.

Bayan la'asar saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum ƴar Haɓe. Motar Yauri da sassafe take tashi. Ki zo da takalmin roba, ki bar tambayar shanu a gida."

Ta karanta tana murmushi, ta mayar: "Wa'alaikumus salam likitan shanu. Na ji. Kai kuma ka bar tsokana a ofis."

A ruga, mahaifiyarsa Inna Habsatu ce ta tarbe ta da ƙwaryar fura da nono mai sanyi. Mata suka kewaye ta, Sa'adu ya zauna can gefe yana fassara abin da ya fi ƙarfin Hausarsu. Najaha ta karanta dokoki da yawa a aji, ta san doka ta ce burtali hanyar dabbobi ce, ba a noma shi. Amma ranar ta ga burtalin da idonta, gonaki sun matse shi daga hagu da dama har saniya biyu ba sa jerawa. Ta ji yadda suke tsayawa a bakin rijiya sai ƴan gari sun gama kafin a ba su wuri. Inna Habsatu ta ba ta labarin ranar da ta kai jikarta wajen likita, ta yi ta nuni da hannu, ba wanda ya gane inda ke yi wa yarinyar ciwo.

Najaha ta ajiye wayar, ta daina tambaya, ta koma sauraro kawai.

Daga ranar zuwa ruga ya zama mata jiki. Wani lokaci aiki ne ke kai Sa'adu, wani lokaci shi ke ƙirƙiro aikin. Ranar nan suna jiran mota a gindin wata gawo, ya ba ta labarin da bai saba ba kowa ba: yadda aka kawo shi lakkwal, wato makarantar boko, a Matameye yana ƙarami, ba takalmi, ba Hausa, yara suna toshe hanci in ya shigo aji wai yana warin nono, yana kwana a barandar wani shago har wani mushe, malamin makarantarsu, ya ji tausayinsa ya ɗauke shi.

"Wannan ba na memuwar ba ne fa," ya ce, "naki ne ke kaɗai."

"Na ji," ta ce a hankali, idonta ya cicciko.

Ya daɗe yana wasa da wani tsinke kafin ya ce, "Najaha, na iya kama bijimi mai faɗa, amma maganar da nake so in faɗa miki ta fi ƙarfina."

Ta sunkuyar da kai. "To ka rubuto ta."

Ba ta kai gida ba saƙon ya riga ta.

"Najata, tun ranar da kika shigo kara kika rikita mini lissafi. Ina sonki, son aure nake nufi, ba na wasa ba. In kin amince in turo Baffa. In ba ki amince ba, zan ci gaba da yi miki tafinta har ki gama, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ta rungume wayar a ƙirji, motar tana ta girgiza da su, sannan ta rubuta: "Likitana, ka turo Baffa. Amma ka bari in fara yi wa Hajiya magana."

Hajiya Uwa, mahaifiyarta, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Yaron na san shi, shi ya duba mana tunkiyar layya bara, yana da ladabi. Amma kin san babanki."

Ta kuwa san shi. Alhaji Inusa ya ji maganar yana cin tuwo, ya tsame hannunsa.

"Bafulatanin daji? Najaha, na kai ki jami'a ne ki karanci mutane, ban ce ki auro mini su ba. Kin manta shekarar da shanunsu suka kwana a gonar kawunki, suka cinye masa gero tas? Ga Fahad ɗan aminina, shagonsa na wayoyi a Kano, tun yaushe yake bin ki. Ba zan yi miki dole ba, amma wancan, a'a."

"Baba, ba shanun su Sa'adu ba ne suka ci gonar Kawu."

"Duk ɗaya ne."

Wannan kalma ta "duk ɗaya ne" ita ta fi yi mata ciwo. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta share hawaye, ta rubuta wa Sa'adu ya dakatar da Baffa tukuna.

"Kada ki yi jayayya da Alhaji saboda ni," ya amsa. "Uba ne. Ni na iya jira, makiyayi ne ni."

Fahad kuwa, da ya ji ƙishin-ƙishin, sai ya ƙara ƙaimi. Duk ƙarshen mako yana tsallako iyaka da motarsa, ya zo da turare da atamfa, ya zauna a zaure yana ba ta labarin gidan da ya kama a Kano. Ba mugun mutum ba ne, sai dai bai taɓa tambayarta a kan me take rubutu ba.

Gab da faɗuwar damina aka kira taro a ofishin magajin gari kan burtali, manoma da makiyaya da masu unguwanni. Aka gayyaci Najaha ta faɗi abin da bincikenta ya gano. Ta yi bayani tiryan-tiryan, mutane suna gyaɗa kai. Sai wani manomi ya miƙe ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, mutanen daji ba su san doka ba, ba su san karatu ba, sanda kawai suka sani.

Ran Najaha ya ɓaci. Ba ta san lokacin da ta nuna Sa'adu da yatsa ba.

"Ga misali nan a gabanku! A ruga aka haife shi. Ya zo garin nan ba takalmi, ƴaƴanku suna toshe hanci wai yana wari, a barandar shago yake kwana. Yau shi ke yi wa dabbobinku magani!"

Wasu suka tafa. Wasu suka juya suna kallonsa, har da masu ƙunshe dariya. Sa'adu bai ɗaga kai ba. Da aka tashi, ta hango Fahad, wanda ya rako Alhaji taron, ya dafa kafaɗarsa yana faɗa masa wata magana. Sa'adu ya hau babur ɗinsa ya tafi ba sallama.

Ta kira bai ɗauka ba. Sai washegari saƙo ya zo, gajere.

"Na ce miki naki ne ke kaɗai, kika raba wa gari. Abokinki ya ce in kwantar da hankalina, ni babi ne a littafinki, in kin gama za ki rufe. Ban so in yarda ba, amma jiya misali kika kira ni."

Najaha ta zauna a bakin gado. Ta yi niyyar kare shi ne, amma gaskiya ya faɗa. Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Kwanaki suka wuce, abinci ma sai Hajiya ta tsare ta take ci.

Da Fahad ya zo, ta fito zaure ta gaishe shi da mutunci, ta ce, "Yaya Fahad, na gode da duk ɗawainiyarka, amma kada in ɓata maka lokaci. Zuciyata tana wani wuri, kuma maganar da ka faɗa masa ba gaskiya ba ce." Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tashi. Daga ranar bai sake zuwa zance ba.

Ranar kasuwa ta shirya ta nufi kara. Ta same shi yana wanke hannu a bokiti. Ya gan ta, ya kawar da kai.

"Sa'adu, ban zo da waya ba, ban zo da bik ɗin rubutu ba. Haƙuri na zo ba ka. Amana ka ba ni na tozarta ta. Haushi ne ya ɗebe ni, na so su ji kunya, ban tsaya na tuna kai za su kalla ba."

"Kin san abin da ya fi ƙona mini rai?" ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shekaru na yi ina ƙoƙari a garin nan a daina ganin yaron baranda. Ke kuma da bakinki…"

"Na sani. Ba sunanka a littafin nan, ko harafi ɗaya, ka zo ka duba. In ka ce in yaga shi gaba ɗaya in sake wani, wallahi zan yaga."

Ya ɗago ya dube ta. Hawaye ne ke bin kumatunta, a tsakiyar kara, dillalai suna satar kallo.

"Ki yaga wahalar Inna da ta zauna tana ba ki labari? A'a." Ya ja numfashi. "Share hawayen nan, Najata, kada a ce likitan shanu ya sa ƴar Alhaji kuka."

"Ka yafe?"

"Tun da na hango hijabinki daga bakin kara na yafe. Jan aji kawai nake."

Saura Alhaji. Hajiya Uwa ce ta ba ta shawara. "Ke mai hira da mutane, kin taɓa hira da babanki? Tambaye shi zamansa na ci-rani a Kurmi, can kudancin Najeriya, kafin Allah ya buɗa masa."

Wata la'asar Alhaji yana kishingiɗe a gindin darbejiyar tsakar gida, ta kawo masa shayi ta durƙusa, ta kunna wayar naɗar murya.

"Baba, akwai babin da nake so in yi kan mutanenmu masu zuwa ci-rani. Ko za ka ba ni labarin naka?"

Alhaji ya gyara zama, abin ya yi masa daɗi. Ya fara da raha, yadda suke hawa bayan babbar mota da buhun garin rogo, yadda ya yi turin ruwa a kura, ya yi gadi. A hankali muryarsa ta sauya.

"Can ba mai tambayar sunanka. Aboki, shi ke nan, mu duka sunanmu ɗaya. In wani ɗan Arewa ya yi sata a wata unguwa, mu za a zo a kwashe. Ka je neman ɗakin haya, da an ji harshenka a ce an kama. A famfo kuwa, sai ƴan gari sun gama ɗiba. Akwai abokina Kabiru, ciwon ciki ya kama shi, na kai shi asibiti, ni ba Turanci, shi ba Turanci, muna ta nuni da hannu…" Ya kalli kofin shayin. "A hannuna ya cika."

Najaha ba ta taɓa jin wannan labari ba. Ta bari ya nisa, sannan ta ce a hankali, "Allah ya jiƙansa. Baba, abin da mahaifiyar Sa'adu ta faɗa mini ke nan. Rijiyar, da likitan, da laifin mutum ɗaya da ake ɗora wa kowa. A nan, bayan Yauri."

Fuskar Alhaji ta ɗaure. "Kashe wayar nan. Wayo kika zo yi mini?"

"A'a Baba. Ka gafarce ni."

Ya tashi ya saka takalmi ya fita masallaci. Najaha ta ɗauka ta ɓata lamarin gaba ɗaya.

Kwana da kwanaki bai tayar da maganar ba. Ashe bincike yake. Ya tambayi limamin unguwar da Sa'adu ke haya, ya tambayi dillalan kara, ya nemo tsohon mushen da ya riƙe shi. Rannan da hantsi saƙon Sa'adu ya shigo mata.

"Najata, zauna kafin ki karanta. Alhaji yana rugarmu. Shi da Baffa suna kan tabarma ɗaya, Inna ta dama masa fura. Ni ina bayan bukka ina leƙensu."

Da yamma Alhaji ya dawo, ƙafar wandonsa duk ƙaya. Ya kira ta gaban Hajiya.

"Na je na ga burtalin da kike ta magana. Har da gefen gonata a ciki, na ce wa yara su ja shuka baya bana." Ya yi gyaran murya. "Yaron kuma, duk inda na tambaya alheri ake faɗa. Sharaɗina ɗaya: sai kin gama karatunki. Ki ce su turo."

Najaha ta faɗa jikin Hajiya tana kuka tana dariya. "Na gode Baba, Allah ya ƙara girma."

"Ni dai ki daina yi mini hira da waya," ya ce, yana ɓoye murmushi.

Bayan girbi ta kare littafinta a gaban malamai a Damagaram. Alhaji yana layin gaba da babbar riga, Ardo Sule a gefensa da malfarsa, a cikinsu ba wanda ya ji Faransancin da ake yi, amma da aka tafa su suka fi kowa tafi. Rigimar burtali ba ta ƙare duka ba, akwai manoman da suka ƙi ja da baya, sai dai an fara kafa alamomi, kuma an sa Najaha cikin masu bin maganar.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gidan Alhaji Inusa ta cika da ƴan kasuwa da makiyaya, hula da malfa a cakuɗe. Ardo ya karɓa wa Sa'adu, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. A cikin gida matan ruga suka shigo da ƙore a jere, masu guɗa suna yi, Inna Habsatu ta kama hannun Hajiya Uwa ta ce da Hausarta mai gardama, "Ƴarki, ƴata." Hajiya ta rungume ta.

Da za a fita da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta, aka kira ango ya durƙusa. Alhaji ya ɗora hannun Najaha a kan na Sa'adu.

"Sa'adu, ɗana, ga amana. Ke kuma ki bi mijinki, ki girmama mutanensa, yanzu mutanenki ne. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya buɗa muku arziki na halal, ya ba ku zuri'a mai albarka wadda za ta shiga gari a ce tasu ce, ta shiga ruga a ce tasu ce."

Tsakar gida ta ɗauka da amin.

Daga ƙarƙashin lulluɓi Najaha ta ji Sa'adu ya matse yatsunta a hankali, ya raɗa yadda ita kaɗai za ta ji: "Matata, mu je gida."